Had-dis ɗinka ya sake mutuwa? Dakata kafin ka ɗora wa madabod laifi

Tambayoyin nan su ne dai kullum, daga ɗaliban Jami'ar Danfodiyo masu firojet har masu shagon buga takardu na cikin garin Sakkwato. Bakina ya gaji. Ga su a rubuce, duk wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Malam, madabod yana iya kashe had-dis?

Yana iyawa, amma da wuya. A kwamfutar tebur, dis, wato ma'ajiyar fayiloli, ba daga bod (babban allon da ke haɗa kayan cikin kwamfuta) yake shan wuta ba, daga fawa-fak, akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta, yake sha kai tsaye. Abin da ya haɗa shi da bod siririyar wayar SATA ce, ita kuwa bayanai kawai take ɗauka. Abin da bod mai ciwo ya fi yi shi ne ya sa lafiyayyen dis ya yi kamar ya mutu: ya ɓace, ya dawo, Windows ta sandare. Laftof daban ce, ita wutar dis ɗinta ta bod take biyowa.

An ce in yi fomatin, zai warke?

A'a. Fomatin ba ya gyaran ƙarfe. Yau ka yi, bayan kwana kaɗan ka dawo da kuka, ga fayilolinka sun tafi. Wanda duk matsalar da aka kai masa maganinsa fomatin, ku daina kai masa kaya.

Yana yin ƙwas-ƙwas in na kunna.

Kashe ta. Galibi allurar da ke karanta faifan ce ta samu matsala, kuma duk kunnawar da ka ƙara, ƙara karce faifan take yi. Wani lokaci ƙarancin wuta ma yana sa wannan ƙarar, don haka a gwada shi sau ɗaya a wata kwamfuta. Sau ɗaya na ce.

To ta yaya zan gane ko dis ɗin ne?

Shi da kansa yana rubuta tarihin lafiyarsa, ana ce wa tsarin SMART. Sauke CrystalDiskInfo, kyauta ce. Shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuwa sai haƙuri. Amma kada ka tsaya a launi, duba layuka huɗu. Layin 05 yana ƙirga gurbin da ya lalace har dis ya sauya shi da wani. C5 gurbin da ya kasa karantawa ne, yana jiran hukunci. C6 wanda ya gagara gyaruwa. Waɗannan ukun in sun bar sifili, musamman in suna hawa, ciwon a cikin dis yake.

Na huɗun, C7, shi ne wanda mutane ba sa kallo, shi ne kuma ya fi amfani a wannan rigimar. Yana ƙirga bayanan da suka lalace a hanya, tsakanin dis da bod. In C7 yana hawa sauran ukun suna sifili, dis ɗinka lafiya lau yake. Wayar ce ko soket ɗin da ke jikin bod. Lambar ba ta komawa sifili ko an canja waya, saboda haka rubuta ta a takarda, ka yi aiki na mako guda, ka sake dubawa. Hawan ake kallo, ba yawan ba.

Ai sabo dal na saya, a leda.

Leda ba shaida ba ce. Duba layin 09, awowin da ya yi a kunne. Shekara ɗaya awa 8,760 ce. In ka ga 30,000, tokumbo aka sayar maka wanda ya yi fiye da shekara uku yana juyi ba hutu. Akwai ma masu goge lambar, don haka duba ranar ƙira a jikin takardarsa.

Dis uku sun mutu a kwamfuta ɗaya. Bod ne ko ba bod ba ne? Ka faɗa mini kawai.

Alhaji, ba a faɗar wannan "kawai". Guga uku sun faɗa rijiya ɗaya, kana zagin mai ɗinkin guga, ba ka duba igiya ba. Amma igiyar ma ba lallai bod ba ce.

Fara da gawarwakin, in ba ka zubar da su ba. Sa kowanne a wata kwamfuta da ka amince da ita. In sun tashi, 05 da C5 suna sifili, to ba su taɓa mutuwa ba, kuɗinka kawai ka ɓarnatar, matsalar tana cikin akwatinka. In can ma ba su tashi ba, duba yadda suka mutu. Wanda ko juyawa ba ya yi, ko yana warin ƙonewa, ko ka ga ɗan baƙin abu ya fashe a filet ɗinsa, wato ɗan allon lantarkin da ke ƙarƙashinsa, kusa da inda wuta ke shiga, wannan wuta ce ta kashe shi. Sai mu koma kan fawa-fak, wanda a ganina shi ne babban wanda ake zargi a garin nan, inda ake ɗauke wuta a kawo, a tada janareta, a juya layi kwamfuta tana kunne.

Ɗauki mitar auna wuta. A filogin fawa-fak, rawayar waya bolt 12 ce, ja bolt 5, baƙa kuwa ƙasa. Ƙa'ida ta yarda da kashi 5 cikin ɗari sama ko ƙasa: rawaya tsakanin 11.4 da 12.6, ja tsakanin 4.75 da 5.25. Auna kwamfuta tana aiki, ba tana zaune ba. In ya fita daga nan, ka kama ɓarawo. Sai dai in ya nuna daidai, wannan bai wanke shi ba, domin mita ba ta ganin tsallen da wuta ke yi cikin ƙiftawar ido. Gwajin da na fi yarda da shi shi ne a aro wani fawa-fak mai kyau a sa. Kuma in akwai 'yar wayar nan mai arha da ke juya tsohon filogi mai ƙafa huɗu zuwa na SATA, cire ta, tana yawan sakin jiki, har narkewa takan yi.

Bayan haka sabuwar wayar SATA, a soket daban. In Windows tana tashi, buɗe Event Viewer, inda take rubuta kurakurai: lamba 7 daga dis tana nufin gurbi ya lalace, 11 kuwa ta fi karkata ga waya ko bod, ko da yake dis mai mutuwa ma yakan jawo ta. Sannan gwada RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, da manhajar MemTest86, domin RAM mai ciwo tana lalata fayil a ɗora wa dis.

Sai in duk wannan ya wuce, dis lafiyayye, waya sabuwa, fawa-fak na aro, amma C7 bai daina hawa a kowane soket ba, zan ce bod ne. Haska fitila ka duba kafasitoci, 'yan gwangwanayen da ke tsaye a kan bod, wanda kansa ya kumbura ko ya zubo da tsatsa shaida ce. Ko a nan ba zan rantse ba. Tsalle ɗaya na wuta yana iya taɓa bod da fawa-fak tare. Kuma in dis ukun duk wurin mutum ɗaya ka saye su, wataƙila kwamfutarka ba ta da laifin komai.

Tawa laftof ce, Malam.

Fara zargin 'yar wayar leda da ke haɗa dis da bod. MacBook Pro mai inci 13 ta 2012 ta yi suna a wannan ciwon. Sannan caja, in ba ta asali ba ce. Sannan ke kanki, Hajiya: faifan yana juyi sau 5,400 a minti, kina ɗaukar ta a kunne kina direwa a gado.

Zafin Sakkwato fa?

Yana taimakawa. Afrilu da Mayu iskar waje kanta ta wuce digiri 40, yawancin dis kuwa iyakarsu 55 zuwa 60. Ƙurar hunturu ta toshe fanka, bazara ta zo ta ƙarasa. Layin C2 na SMART yana nuna zafinsa. Busa ƙurar da bulowa, ka ɗaga kwamfutar daga ƙasa, ka daina lulluɓe ta da zane tana aiki.

In sa shi a firiza ya huce?

Subhanallahi. A'a. Raɓa za ta kwanta masa.

In na sayi SSD na huta?

SSD dis ne marar faifai mai juyi, don haka ka huta da ƙwas-ƙwas da tsoron girgiza, kwamfutar kuma za ta yi sauri. Amma mugun fawa-fak zai kashe shi kamar yadda ya kashe na baya, shi kuma sau da yawa ba ya gargaɗi. Gyara wutar tukuna, ka nemi UPS, akwatin batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. Sitabilaiza ba ta riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta.

Firojet ɗina yana ciki, gobe zan miƙa.

Kwantar da hankalinka, in dis yana buɗewa akwai dama. Kada ka yi sikanin, kada ka bar Windows ta "gyara" shi. Kwashe firojet ɗin farko zuwa filas, sannan hotuna, finafinai a ƙarshe. In ba ya buɗewa, cire shi ka kawo yadda yake, kada kowa ya kwance murfinsa.