Tallan guraben aiki a intanet lokacin karayar tattalin arzikin Amurka (2007–2009)

Tallan guraben aiki a intanet na daga cikin alƙaluman da masana tattalin arziki a Amurka ke bibiya wata-wata, domin kamfani kan janye tallansa tun kafin ya fara sallamar ma'aikata. An ga haka ƙarara a karayar tattalin arzikin da ta faro a Disamban 2007 ta ƙare a Yunin 2009.

Asali

Ƙirga tallan aiki ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Cibiyar Conference Board da ke birnin New York ta daɗe tana tattara 'yan gajerun tallace-tallacen neman ma'aikata daga jaridu 51 na manyan biranen ƙasar, kuma lissafinta ya koma baya har zuwa 1951. Layi biyu ko uku ne a shafukan ƙarshe na jarida: ana neman direba, ana neman akawu, ga lambar waya. Shekara da shekaru wannan ma'auni yana hawa da sauka tare da kasuwa. Daga ƙarshen shekarun 1990 sai shafukan intanet irin su Monster da Craigslist suka fara ƙwace cinikin daga hannun jaridu, har ma'aunin ya riƙa nuna raguwa ko da ana ɗaukar aiki sosai. A 2005 cibiyar ta soma ƙirga tallan intanet, a 2008 kuma ta daina fitar da na jaridu. Ke nan guguwar ta riski sabon lissafin yana ɗan shekara biyu zuwa uku, babu dogon tarihin da za a gwada shi da shi.

Gwamnati na da nata binciken mai suna JOLTS tun Disamban 2000, inda ake tambayar masu ɗaukar aiki kai tsaye yawan guraben da ke buɗe a wurinsu.

Yadda watannin suka kasance

Tallan ya fara ja baya sannu a hankali cikin 2008. Bayan rushewar bankin Lehman Brothers a ranar 15 ga Satumba, sai ya rikito. A watannin farko na 2009 ƙasar na asarar ayyuka sama da 700,000 kowane wata. A lissafin JOLTS, guraben da ke buɗe, waɗanda suka haura miliyan 4 a 2007, sun ragu zuwa kusan miliyan 2.2 wajen tsakiyar 2009, lokacin da marasa aiki fiye da 6 ke zawarcin gurbi guda. Gine-gine da masana'antu suka fi jin jiki, asibitoci kuwa ba su daina neman ma'aikatan jinya ba.

Abin da ya fi cutar da mai neman aiki shi ne tsayawar ɗauka. Sallama ta yi tsanani na wasu watanni ta lafa, amma ɗaukar sababbi ta daɗe a ƙasa. Masu aiki a hannu ma suka ƙi motsawa, kowa ya riƙe nasa gam, don haka ƙofar da matashin da ya gama karatu zai shiga ta toshe. Rashin aiki ya kai kashi 10 cikin 100 a Oktoban 2009, wata huɗu bayan ƙarewar karayar a hukumance.

Saɓani

Daga 2010 tallan ya farfaɗo da sauri fiye da ɗaukar aikin kansa. Wasu masana sun ɗora laifin kan rashin dacewar ƙwarewa, wasu kan tsawaita alawus ɗin marasa aiki har zuwa mako 99, wasu kuma sun ce kamfanoni na saka talla ne ba tare da gaggawar cike gurbin ba. Akwai kuma matsalar ƙirga: talla ɗaya na iya fitowa a shafuka da dama, kuma ƙarin kuɗin talla kan rage adadi ko da buƙata ba ta ragu ba.

Bayan nan

A Afrilun 2020, cikin annobar korona, an rasa ayyuka sama da miliyan 20 a wata guda, amma guraben da ke buɗe sun zarce miliyan 11 kafin ƙarshen 2021.