Kuza da fuliyor a man goge baki: mi suke yi ma haƙori?

Salamu alaikum jama'a. Jiya a dispanser wata baiwar Allah ta miƙo min kwalin makilin ɗin da ta saya a babbar kasuwa, ta ce malama wai ɗana da ke lakwal ya karanta ya ce akwai kuza a ciki, ƙarfe za mu dinga ci kenan? Na yi dariya amma tambayar tata na da kyau, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Farin ɓawon nan na saman haƙori ya fi komi tauri a jikin ɗan Adam, har ƙashi, amma fa tsami na narkar da shi. Kuma mu nan ai kun san mu, shayi zagaye uku da sukari kamar ba gobe, ga alawa hannun yara, ga zoɓo da ruwan tsamiya in rana ta take. Ƙwayoyin cutar da ke cikin dattin haƙora su ci sukarin nan su fitar da tsami, ma'aunin tsami (pH, wanda lambarsa ke raguwa in tsami ya ƙaru) na sauka ƙasa da 5.5 ɓawon ya fara zubar da sinadarinsa kaɗan kaɗan, ba ka ji ba ka gani, sai ran da ka kurɓi ruwan sanyi ka ji tsirrr har ƙwaƙwalwa. Abin da ya cinye gaba ɗaya kuwa ba ya tsirowa kamar farce.

Aikin fuliyor, sinadarin da ake sawa a makilin don kare haƙori, shi ne ya taimaki miyau ya maida kalsiyom, wato sinadarin da ɓawon ke zubarwa, wurin da ya fara zaizayewa, sabon ginin kuma ya fi na da jure tsami, sai wajen 4.5 yake narkewa. Kuza kuma, ita dai wadda ake haƙowa a Jos, in an haɗa ta da fuliyor sai ta kwanta bisa haƙorin ta yi wani siririn shafe kamar yaɓen siminti a katangar laka, tsami ya fara cin karo da ita kafin ya kai ga ɓawon. Tana toshe ƴan ƙananan ramukan da ke kai sanyi ga jijiya, tana kuma rage ƙarfin ƙwayoyin cutar da ke kumbura dasashi. Ba sabon abu ba ne, tun wajen 1955 aka fara saida wani makilin mai suna Crest da wannan haɗi a Amurka. Aibinta ɗaya, wasu takan bar musu ɗan dafi-dafi a haƙori, amma a sama yake, likitan haƙori na kankare shi. A kwali in faransanci ne za ku ga fluorure d'étain, na Najeriya kuma stannous fluoride, adadin fuliyor na manya tsakanin 1000 da 1500 ppm, wato kashi 1000 zuwa 1500 cikin miliyan.

To amma mu ƴan Maradi ba za a faɗa mana illar fuliyor in ya yi yawa ba. Tibiri na nan kusa, ruwan rijiyar burtsatse da aka haƙa a shekarun 1980 ya ɗauko fuliyor fiye da ninki uku na abin da hukumar lafiya ta duniya ta yarda, wato miligiram 1.5 a lita, yara da yawa haƙoransu suka yi ja, wasu ƙafafu suka lanƙwashe. Wannan sha ne aka yi kullum shekara da shekaru lokacin da ƙashi ke girma, na makilin kuwa shafawa ne a tofar. Shi ya sa nake matsa ma iyaye mata, ɗan ƙasa da shekara 3 a sa mashi kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake, ki tsaya kansa kar ya haɗiye don zaƙi, na ga yaron da ke lasar bututun kamar alawa wallahi.

A goge safe da dare minti 2, ka tofar kada ka kuskure baki da ruwa nan take, in ka kuskure ka wanke shafen da ka biya kuɗi ka saya. In ka sha zoɓo ko lemun kwalba ka jira kamar rabin awa, lokacin ɓawon ya yi laushi burushi sai ya ƙara goge shi. Asuwaki kuma kar a bari, yana cire datti sosai, a haɗa su biyun.

Ita dai baiwar Allah ta maida kwalinta a jaka, ta ce za ta kawo ƙaramin ranar Laraba a duba mashi turmin da ke hana shi barci.