Tara Kayan Tarihin Tsofaffin 'Yan Wasan Besbol

Tara kayan tsofaffin 'yan besbol, wato wasan da ake bugun ƙwallo da sanda, al'ada ce da ta kafu a Amurka. Abubuwan da aka fi nema su ne katuna masu hotunan 'yan wasa, ƙwallayen da suka sa wa hannu, sandunan bugu da rigunan da suka saka a fili.

Asali

Wajen shekarun 1880 kamfanonin taba suka fara cusa ƙananan katuna a kwalin sigari, don kwalin ya yi ƙarfi, kuma don talla. Daga baya masu cingam suka karɓe harkar: Goudey a 1933, sai Topps a farkon shekarun 1950. Jefferson Burdick, mutumin Syracuse, shi ya raba katunan rukuni-rukuni, ya ba kowane rukuni harafi da lamba, kuma har yau tsarinsa ake bi. Kafin rasuwarsa a 1963 ya miƙa abin da ya tara ga gidan adana kayan tarihi na Metropolitan da ke New York.

Katin Wagner

Babu katin da ya kai na Honus Wagner, ɗan wasan ƙungiyar Pittsburgh Pirates, suna. Yana cikin rukunin T206 da kamfanin American Tobacco ya fitar tsakanin 1909 da 1911. Da wuri aka dakatar da buga shi, don haka waɗanda suka rage ba su da yawa, ana ƙiyasta su kusan 60. An yi saɓani kan dalili: wasu sun ce Wagner bai so yara su sayi taba saboda hotonsa, wasu sun ce batun kuɗi ne.

A 1991 Wayne Gretzky, shahararren ɗan wasan hoki na kan ƙanƙara, da Bruce McNall, mai ƙungiyar da yake bugawa, suka sayi ɗaya a kan dala 451,000. Shi ne katin da dillali Bill Mastro ya amsa a gaban kotu a 2013 cewa ya datse gefunansa don ya ƙara kyau, abin da ya zubar da mutuncin sana'ar matuƙa. Wani katin Wagner ɗin ya kai dala miliyan 7.25 a 2022.

Kasuwar yau

Yanzu kamfanoni irin su PSA ke tantance sahihancin kaya, saboda jabun sa hannu ya yi yawa, kuma su ba su maki daga 1 zuwa 10 gwargwadon kyawun yanayinsu. A 2024 aka yi gwanjon rigar fitaccen ɗan wasa Babe Ruth ta 1932 a kan fiye da dala miliyan 24.