Ma'anar raya kangon masana'antu a bakin tashar jirgi

Idan masana tsara birane suka ambaci raya kangon masana'antu a bakin tasha, suna nufin a ɗauki filin da tsofaffin masana'antu, rumbunan ajiya ko garejin jirgin ƙasa suka mutu suka bari, a mayar da shi unguwa mai gidaje da shaguna da ofisoshi da makarantu, tun kafin sabuwar tashar da ake shirin ginawa kusa da shi ta buɗe. Ma'aunin da aka saba bi shi ne mita 800 daga ƙofar tasha, wato tafiyar minti goma a ƙafa. A cikin wannan tazara ake jera benaye, a rage wuraren ajiye motoci, domin mutum ya fito daga gida ya taka zuwa jirgi. Wani masanin gine-gine ɗan Amurka, Peter Calthorpe, ya yayata tsarin a farkon shekarun 1990.

Dalilin da ya sa ake sa wa irin wannan fili ido a bayyane yake. Masana'antun da can layin dogo suka bi, saboda ta nan kwal da auduga ke shigowa, ta nan kaya ke fita. Da suka rufe, sai aka samu makeken fili a tsakiyar gari, masu shi 'yan kaɗan ne, kuma ba sai an rushe gidan kowa ba.

King's Cross da ke Landan misali ne da ake yawan kawowa. Eka 67 ne na tsohon filin sauke kaya, da rumbun hatsi, da manyan tankunan iskar gas, wurin da mutane ke gudun bi da dare. A 1996 aka yanke shawarar cewa jirgin da ke bi ta ƙarƙashin teku zuwa Faransa zai riƙa tashi daga tashar St Pancras da ke maƙwabtaka. An ba da izinin gini a 2006, jirgin Eurostar ya fara tashi daga can a 2007. Rumbun hatsin nan ba a rushe shi ba, kwalejin zane-zane ta Central Saint Martins ce ta tare a ciki a 2011. Ƙarafunan tankunan gas kuwa kwance su aka yi, aka gyara, aka sake kafa su, aka gina gidaje a cikin da'irarsu.

Sai dai ƙasar masana'anta ba kamar gona ba ce. Shekara da shekaru tana shan baƙin mai, da dalma, da ruwan rini. Dole a haƙa a gwada, a kwashe gurɓatacciyar ƙasar ko a rufe ta da sabuwa, kuma wannan aiki na cin kuɗi sosai. Duk wanda ya taɓa ganin launin ruwan da ke fitowa daga majemun Challawa da Sharaɗa a Kano ya san ba za a dasa makarantar yara a irin wannan wuri haka kawai ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wa zai ci ribar. Ranar da aka sanar da inda tasha za ta zauna, ranar farashin fili ke tashi, alhali kuɗin jama'a ne zai gina layin. Idan hukuma ba ta gindaya sharaɗi tun a takardar izini ba, cewa kaso kaza na gidajen na masu ƙaramin ƙarfi ne, dillalai za su riga kowa, haya ta kori makaniki da mai shayi da suka daɗe a wurin. Ko a King's Cross an sha jayayya kan yawan gidaje masu sauƙin haya.

Kakuri a Kaduna irin wannan fili ne. Masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL) da ke wurin ta buɗe a 1957, ta rufe a 2002, kuma tsohon layin dogo na ratsa yankin. Tashar jirgin Abuja da aka buɗe a 2016 kuwa can Rigasa aka kai ta. In har za a farfaɗo da jirgin cikin gari a tsohon layin, to gwajin ƙasar Kakuri da rubuta sharuɗɗan gini su ya kamata su riga sanar da tasha.