Tambayoyin da kuka dame ni da su a kan 720,720

Tun ranar da na rubuta lambar nan a allo, a makarantarmu da ke wani ƙauye kusa da Ringim, ɗalibai da iyayensu suke tare ni har a majalisa. Ga amsa a wuri ɗaya, kowa ya karanta.

Malam, yaya ake faɗinta?

Dubu ɗari bakwai da ashirin, da ɗari bakwai da ashirin. Ba miliyan ba ce, ku ƙirga gurbi: shida ne.

Me ya sa kake yabonta haka?

Domin ita ce mafi ƙanƙantar lambar da ke rabuwa daidai ga mutum 1 har zuwa 16, ba ragowa. Lambobi 240 ne ke raba ta, kuma duk wadda ke ƙasa da ita ba ta kai haka ba. Masanin nan ɗan Indiya, Ramanujan, ya yi nazarin irinsu a 1915.

To 17 fa?

Ba ta rabuwa. Kowa 42,395, saura 5. Sau uku na nuna muku wannan.

Akwai lambar da za a ninka da kanta ta ba da ita?

Babu. 848 sau 848 bai kai ba, 849 sau 849 ya wuce.

Ta yaya ka gane 7 da 11 da 13 suna shiga ba tare da waya ba?

Ninka su ukun, 1001 za ka samu. Duk lamba mai gurbi uku da aka maimaita ta, kamar 720 nan, ninki 1001 ce. Kada ka tsorata, gwada da 315,315 ka gani.

Idan mamaci ya bar naira 720,720, ke nan gado zai rabu ba matsala?

Baba da ya yi tambayar nan, Allah ya ƙara girma, amma a bi a hankali. A takarda abin gwanin kyau: sulusi 240,240, rubu'i 180,180, sudusi 120,120, tumuni 90,090. Sai dai kafin a taɓa rabo ana fitar da kuɗin jana'iza da bashi da wasiyya, kuma da zarar an cire ko naira dubu, lambar ta canza. Ko ba a cire komai ba, ya danganta da magada. Mata huɗu in za su raba tumunin nan, kowace 22,522 da kobo 50, wa ke da kobo yanzu? Matar aure ɗaya da 'ya'ya maza biyu, mata uku, wannan kam ya fita sumul, matar ta ɗauki tumuni, saura kaso bakwai, kowane 90,090, namiji ya ɗauki biyu. Ƙara 'ya mace ɗaya, ragowa ta dawo. Ni ƙirga na sani, wanda ya ci da wanda aka katange kuwa aikin malamin gado ne ko alƙali. Ku je gare su tukuna, sannan ku kawo mini in duba lissafin.

Za ta fito a jarrabawa?

Ku koyi yadda ake farfasa lamba, ku daina haddar amsa.