Jinyar taɓin hankali a Najeriya

Jinyar taɓin hankali a Najeriya ta ƙunshi hanyoyin da ake bi wajen kula da masu larurar ƙwaƙwalwa, tun daga ciwon damuwa da yawan fargaba har zuwa cututtuka masu tsanani da ke sa mutum ya riƙa jin muryoyi ko ganin abin da babu shi. Hanyoyi uku ne ke tafiya tare a ƙasar: na gargajiya, na malaman addini, da na asibiti, kuma ba abin mamaki ba ne iyali ɗaya su bi dukansu a kan majinyaci guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum 1 cikin 8 a duniya yana ɗauke da wata larurar ƙwaƙwalwa. A tarihin wannan fanni an fi sanin Najeriya da tsarin ƙauyen Aro, kusa da Abeokuta, na 1954, inda aka yi jinyar marasa lafiya a gidajen manoma tare da danginsu, maimakon a kulle su.

Kafin zuwan asibiti

Iyali ne wurin jinya na farko, kuma har gobe su ne. A ƙasar Hausa, idan mutum ya fara surutai shi kaɗai, ya daina barci, ko ya ƙi magana da kowa, akan danganta abin da shafar aljanu, ko sammu, ko gado. Daga nan sai a nufi wurin malami ya yi rubutu da tofi, ko wurin boka ya ba da hayaƙi da jiƙo, ko wurin 'yan bori su yi girka. Ruƙiyya, wato karanta wa mara lafiya ayoyin Alƙur'ani, ta ƙara yaɗuwa a birane a shekarun baya-bayan nan.

A ƙasar Yarbawa akwai masu maganin da suka ƙware a kan taɓin hankali kaɗai, suna ajiye marasa lafiya a gidajensu na tsawon watanni. Cikin magungunansu akwai saiwar wani tsiro da masana ke kira Rauwolfia, wanda ke kwantar da mai fisge-fisge ya sa shi barci. Daga dangin wannan tsiro aka tace sinadarin reserpine da likitocin Turai suka yi amfani da shi a shekarun 1950. Sai dai a gidajen nan, kamar yadda yake a wasu wurare a Arewa, ana haɗawa da ɗauri da duka.

Zamanin Turawa

Gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe gidan ajiye masu taɓin hankali a Kalaba a wajajen 1904, sannan na Yaba a Legas a 1907, a wani tsohon ginin hukumar jirgin ƙasa. Ba asibitoci ba ne a ma'anar da aka sani yau. Wuraren tsarewa ne na waɗanda hukuma ke ganin suna damun jama'a a kan titi ko kuma sun aikata laifi. Babu likitan ƙwaƙwalwa, magani kaɗan ne, cunkoso ya yi yawa, kuma idan wuri ya cika sai a tura sauran gidan yari. A Arewa, gidajen yarin En'e ne suka ɗauki mafi yawan wannan nauyi.

Dokar 1916 ce ta bai wa majistare da likitan gwamnati ikon yanke cewa mutum mahaukaci ne a tsare shi. An sake fasalinta a 1958, kuma ita ce ta ci gaba da aiki fiye da shekara 60 bayan haka. Gwamnati ta gayyato masana daga waje su duba lamarin, irin su Cunyngham Brown a shekarun 1930 da J. C. Carothers a 1955, rahotanninsu kuma sun nuna halin ƙunci da ake ciki, amma kuɗin gyara bai fito da sauri ba. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya tilasta wani motsi: sojojin Najeriya da suka yi yaƙi a ƙasar Bama (Myanmar a yau) sun dawo wasunsu da ciwon ƙwaƙwalwa, sai a 1944 aka mayar da wani tsohon gidan yari a Lantoro, cikin Abeokuta, wurin ajiye su. Daga nan aka fara shirin gina asibiti na zamani a Aro, a gefen garin.

Lambo da ƙauyen Aro

An haifi Thomas Adeoye Lambo a Abeokuta a 1923. Ya yi karatun likita a Birmingham, ya ƙware a fannin ƙwaƙwalwa a asibitin Maudsley na Landan, ya dawo gida a 1954 a matsayin ɗan Najeriya na farko da ya sami wannan horo. Ya tarar ba a gama ginin asibitin Aro ba. Maimakon ya zauna jiran magina, sai ya je wurin masu garin ƙauyuka huɗu da ke kewaye da asibitin ya nemi su ba marasa lafiya hayar ɗakuna a gidajensu.

Sharaɗin shi ne kowane majinyaci ya zo da ɗan'uwansa guda aƙalla, galibi uwa, ko 'yar'uwa, ko gwaggo. Ita ce za ta dafa masa irin abincin da ya saba ci, ta wanke masa kaya, ta raka shi asibiti da safe ya karɓi magani, ta komo da shi masauki da la'asar. Da yamma majinyacin yana zaune a tsakar gida cikin mutane, yana jin harshensu, yana ganin yara na wasa, idan ya sami sauƙi ya bi mai gida gona ko ya je kasuwa. Ma'aikatan jinya suna kwana a ƙauyukan dare da rana saboda ko wani zai rikice cikin dare. Wannan ya sa likita ba ya dogara da abin da ya gani a cikin 'yan mintoci a ofis. Yana da mai ba shi labarin yadda majinyaci ya kwana, ko ya ci abinci, da wanda ya yi wa magana.

Mutanen ƙauyukan ba su karɓi abin nan take ba, domin da yawa suna tsoron cutar tana yaɗuwa. Abin da ya shawo kansu shi ne amfanin da suka gani a ƙasa. Sun sami kuɗin haya, an ba su rance sun ƙara ɗakuna, an kawo musu ruwan famfo da shaddodi, an yi musu maganin sauro, wasunsu kuma sun sami aiki a asibitin. Ana yin zama lokaci-lokaci tsakanin dattawan ƙauyukan da hukumar asibiti a tattauna koke-koke. A lokacin da tsarin ya bunƙasa, ƙauyukan suna ɗaukar marasa lafiya tsakanin 200 zuwa 300.

Magungunan da ake bayarwa na zamanin ne: jinya da lantarki, allurar insulin, da sababbin ƙwayoyi irin su chlorpromazine da suka fito a farkon shekarun 1950, sai koyar da sana'ar hannu. Abin da ya fi jawo ce-ce-ku-ce shi ne yadda Lambo ya jawo wasu masu maganin gargajiya cikin aikin. Hujjarsa ita ce mara lafiya da danginsa sun riga sun yarda da su, za su je wurinsu ko likita ya so ko bai so ba, don haka gara a yi aikin a fili inda za a iya hana duka da ɗauri. A wannan ya yi tarayya da Tijjani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na Sudan, wanda tun kafin haka yake hulɗa da shehunan da ke jinyar masu taɓin hankali a ƙasarsa. Lambo ya kuma yi rubuce-rubuce yana ƙaryata ra'ayin wasu likitocin mulkin mallaka da ke cewa ƙwaƙwalwar baƙar fata daban take, ko kuma ɗan Afirka ba ya kamuwa da ciwon damuwa.

A 1961 aka yi taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na nahiyar Afirka a Abeokuta. A wannan tsakanin ne kuma Lambo da Alexander Leighton na Jami'ar Cornell ta Amurka suka gudanar da bincike a ƙauyukan Yarbawa, wanda aka buga a 1963; ya nuna cewa larurorin da ake gani a can sun yi kama ƙwarai da waɗanda aka gani a wata karkara ta Kanada. Lambo ya koma Jami'ar Ibadan a 1963, ya shugabance ta daga 1968 zuwa 1971, sannan ya tafi Hukumar Lafiya ta Duniya inda ya riƙe muƙamin mataimakin babban darakta har zuwa 1988. Ya rasu a 2004. Tolani Asuni ne ya gaje shi a Aro.

Masu yabon tsarin sun ce ya fi arha, majinyata sun fi saurin komawa gida, kuma ba sa zama baƙi a cikin danginsu. Masu suka sun ce an zaɓi waɗanda ke da dangin da za su iya barin gona da kasuwa su yi zaman jinya, kuma tsarin ya fi dacewa da ƙauye fiye da birni. Da Abeokuta ta faɗaɗa ta haɗiye ƙauyukan, tsarin ya yi rauni, Aro ya koma asibiti irin na kowa. Duk da haka, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke kira a yi a yau, wato a yi jinyar mutum kusa da gidansa, shi ne abin da aka gwada a can tun kafin 'yancin kai.

Asibitoci da ma'aikata

Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da suka daɗe guda 8 ne: Aro, Yaba, Kalaba, Inugu, Benin, Kaduna, Maiduguri, da Kware a jihar Sakkwato. A Kano akwai na Dawanau, akwai kuma sassan ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa na jami'o'i. Na Maiduguri ya ɗauki nauyi mai yawa tun daga 2009, da rikicin Boko Haram ya raba miliyoyi da gidajensu, mutane suka ga kisan 'yan'uwansu da idonsu.

Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'umma fiye da miliyan 200, mafi yawansu kuma a manyan birane suke. Binciken da likitan ƙwaƙwalwa Oye Gureje ya jagoranta a jihohin Yarbawa a farkon shekarun 2000 ya gano kusan kashi 12 cikin 100 na manya sun taɓa fama da wata larurar ƙwaƙwalwa a rayuwarsu, kuma ko a cikin masu ciwo mai tsanani, waɗanda suka sami magani ba su kai 1 cikin 10 ba. Tun 1991 manufar gwamnati ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitocin sha-ka-tafi, amma aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa.

Mari

A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Makonni kaɗan bayan haka aka sami irinsa a Daura da wasu garuruwa. Iyaye ne da kansu suka kai mafi yawansu, wasu saboda shaye-shaye, wasu saboda ƙiriniya, wasu kuma saboda ciwon ƙwaƙwalwa da ba a gane ba. Rahoton ƙungiyar Human Rights Watch na wannan shekarar ya nuna ɗaure marasa lafiya bai tsaya ga gidajen mari ba: an same shi a coci-coci, da gidajen masu maganin gargajiya, har da wasu cibiyoyin gwamnati a Kudu da Arewa. Uwar da ta kai ɗanta irin wannan wuri sau da yawa ta gaji ne, ba ta da kuɗin asibiti, kuma babu wanda ya nuna mata wata hanya.

Shaye-shaye ya ƙara dagula lamarin. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabace shi, kuma a watan Mayu na 2018 gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin.

Doka

An fara gabatar da ƙudirin sabuwar doka a majalisa a 2003, ya yi ta faɗi-tashi har kusan shekara 20. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta 2021 a watan Janairu na 2023, ta maye gurbin ta 1958. Ta tanadi haƙƙin majinyaci na a nemi yardarsa kafin jinya, ta iyakance tsarewa da ɗauri, ta hana nuna masa bambanci a wurin aiki, ta kuma umarci a kafa sashe na musamman da asusu a ma'aikatar lafiya ta tarayya.

Yunƙurin kashe kai ya daɗe yana cikin laifuffuka, a sashe na 327 na dokar laifuffuka ta Kudu da sashe na 231 na ta Arewa, da hukuncin da ke iya kaiwa ɗaurin shekara 1. Likitoci na neman a soke wannan, kamar yadda Gana ta yi a 2023.

Tallafi na yau da kullum

Likitoci na ba iyali shawara su kai mutum asibiti idan baƙin ciki, rashin barci, ƙin cin abinci, ko janye jiki daga mutane ya wuce mako 2, kuma nan take idan ya fara zancen ya gaji da rayuwa. Mai jego da ta daina kula da jaririnta ko ta rikice kwanaki kaɗan bayan haihuwa tana buƙatar likita cikin gaggawa. Maganin ciwon damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kuma yanke shi da zarar an ji sauƙi na daga cikin manyan dalilan dawowar ciwo. Addu'a da shan magani ba sa hana juna, malamai da dama ma su suke tura mutane asibiti. Ana bikin Ranar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Duniya a ranar 10 ga Oktoba tun daga 1992.