Daga kaka zuwa marka: tambayoyi da amsoshi kan ajiyar abincin gida

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, a kaka kowa mai hatsi ne. Sai marka ta kankama a watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa, geron gona bai gama nuna ba, sannan ake gane wanda ya yi tanadi. Ga tambayoyin da ake yawan jefowa a majalisa da tsakar gida kan wannan batu, da abin da ya sawwaƙa na amsa.

Malam, buhu nawa ya kamata magidanci ya ajiye?

Wannan tambayar uwargida ya kamata a fara yi wa, don ita ke karɓar awo kullum. Ka tambaye ta tiya nawa ke tashi a rana, har da ta fura da koko. Buhun hatsi yakan ci tiya 40. Gidan da ke cin tiya 2 a rana, buhu ɗaya kwana 20 zai yi masa, ka ga a shekara sai buhu 18 da ɗoriya. A kan wannan ka ɗora iri, da na baƙi, da na suna ko biki idan akwai mai ciki ko budurwa a gidan. Zakka kuma tun a masussuka ake fitar da ita idan amfanin ya kai nisabi: ɗaya bisa goma ga noman damina, ɗaya bisa ashirin ga wanda aka wahala wajen ban ruwa.

Inda yawancinmu ke faɗawa rami shi ne kakar kanta. Mai taki na jiran kuɗinsa, ga ɗinkin yara, ga gyaran ɗaki, sai a yi ta jidar hatsi zuwa kasuwa a lokacin da ya fi arha. 'Yan kasuwa su kwashe su kai Dawanau, bayan wata bakwai kai da ka noma ka dawo kana auna shi da tsada. Ni a ganina, in dai akwai riɗi ko gyaɗa ko ɗan akuya, su ya kamata su fara tafiya kasuwa. Gero da dawa su zama na ƙarshe.

A bar shi a dami ne ko a sussuke?

In kana da rumbu mai kyau, bar shi a zangarniya. Shawarar da Annabi Yusuf, alaihis salam, ya ba mutanen Masar ke nan, kuma kakanninmu a kanta suka rayu. Gero a dami yana shan iska, ƙwaro ba ya saurin cin ƙarfinsa, sannan hannu ba ya saurin kai masa, tunda kafin a sayar sai an sussuka an sheƙe. Sharaɗin kawai rumbun ya hau kan duwatsu don gara da danshi, a gyara jinkarsa kafin ruwan farko, a share shi tas kafin a zuba sabon hatsi. Zuba sabo a kan ragowar bara kuskure ne, ƙwarin bara ne za su karɓi baƙi.

Ta yaya zan san hatsi ya bushe sosai?

Tsofaffi da haƙori suke gwadawa: ƙwayar da ta bushe tana fashewa ƙas, mai danshi kuwa lotsawa take yi. Akwai kuma gwajin gishiri. Sami busasshiyar kwalba, ka zuba hatsin da ɗan busasshen gishiri, ka rufe, ka girgiza sosai, ka ajiye na ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, a mayar rana.

Masara da gyaɗa sun fi buƙatar a tsananta musu. Idan aka tara su da danshi sukan yi funfuna, funfunar kuma tana fitar da wata guba da masana ke kira afulatoksin. Dafuwa ba ta kashe ta. A hankali take taruwa ta lalata hanta, tana kuma tsumburar da yara. Saboda haka a yi shanya a kan tamfol ko tabarma maimakon ƙasa tsura, a tsince ƙwayoyin da suka canza launi ko suka motse. Gyaɗar da ka tauna ka ji ɗaci, tofar da ita. Kuma don Allah a daina tara irin wannan tsintar ana yi wa yara ƙuli-ƙuli da ita.

Wake fa? Ni duk shekara sai ya koma gari.

Wake daga gona yake tahowa da ƙwan ƙwarinsa, shi ya sa ko ka ɗinke buhu sai ka tarar da shi ya huje. Maganinsa a hana ƙwaron iska. Akwai buhun PICS mai ninki uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007 musamman saboda wake. Ka duba ledojin ko akwai huda, ka zuba busasshen wake, ka matse iskar, ka ɗaure kowace leda ita kaɗai, sannan na wajen. Ƙwarin na cinye 'yar iskar da ta rage, sai su mutu. Buɗe-buɗe ke ɓata shi, don haka na ci a ware shi daban. A ɗora buhun a kan katako, nesa da bango, don ɓera na huda shi aikin ya tashi a banza.

Wanda bai samu ba, jarka mai murfi mai kyau ma tana yi, in an cika ta har wuya aka toshe. Amma ban da wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi. Dabarar iyayenmu mata ta cuɗa wake da toka ko yashi a tukunya ita ma tana aiki ga ɗan kaɗan, musamman na iri.

To me zai hana in zuba magani kawai in huta?

Fiya-fiya da Sniper ba a yi su don abinci ba. Saboda ragowar irin wannan sinadari ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015. Abin da wasu suka ƙi saya, mu ga shi muna dafa wa 'ya'yanmu.

Ita kuwa ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhu, da ta ji danshin iska take sakin wani hayaƙi da ido ba ya gani. Yadda yake kashe ƙwaro haka yake kashe mutum. Aikin rumbun 'yan kasuwa ce, a hannun wanda ya koya. Buhun da aka sa wa ita ba ya kwana ɗaki ɗaya da mutane, ko da katanga ce ta raba in dai sama a buɗe take.

Ɓera ma a ɗauke shi da muhimmanci, ba don ɓarna kaɗai ba: ta fitsari da kashinsa a kan abinci ake kamuwa da zazzaɓin Lassa. Gari da tsaki su zauna a mazubi mai murfi.

Mu da ke bakin kogi, ina amfanin ajiyar da ruwa zai tafi da ita?

Tambaya ce mai nauyi ga mutanen Ringim, Auyo, Miga, Kafin Hausa da Haɗeja, waɗanda ba su manta da ambaliyar 2022 ba. Kogin Haɗeja yana karɓar ruwa daga madatsun Tiga da Challawa, ciyawar kachalla kuma ta toshe hanyoyinsa da yawa, don haka ruwa kan iso gari ko ranar ba a yi ruwan sama a nan ba. Kada ka tara komai a wuri guda. Kafin Yuli ya ƙare, kai wani kaso gidan ɗan'uwa a kan tudu, musamman iri. Wanda ya rage a gida ya hau kan gado ko benci mai tsayi. Rediyo kuma ta zauna da batir, saboda ta nan gargaɗin hukumar hasashen yanayi ta ƙasa (NiMet) da hukumar agajin gaggawa ta jiha ya fi saurin isowa ƙauye.

A yi magana da iyali tun ana zaune lafiya: in ruwa ya shigo da dare, ina za a nufa, wa zai ɗauki Inna, wa zai kwance dabbobi. Ginin ƙasa da ya sha ruwan kwana biyu ba abin yarda ba ne, a fita tun bai tsage ba.

Me za a ɗauka in an tashi gudu?

Abin da mutum ɗaya zai iya saɓawa. Takardun gona da na makaranta da katin shaida a ƙulle cikin leda, tocila, ashana, gidan sauro, maganin mai hawan jini ko ciwon suga, da abincin da ba ya neman wuta: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, suga, dabino. A sa 'yan kuɗi a hannu. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya nuna mana cewa kuɗin cikin waya ba kullum suke sayen abinci ba.

Bayan ruwa ya janye kuma sai amai da gudawa. Yaya za a yi?

Ambaliya tana haɗa masai da rijiya. Ruwan sha a tafasa shi, ko a sa masa sinadarin kulorin yadda aka rubuta a jikin kwalbar, randa a rufe, moɗa ɗaya ta ɗiba. A ajiye fakitin ORS, wato haɗin gishiri da suga na masu gudawa, a gida. In babu, ruwa mai tsabta lita 1, suga ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A riƙa ba mara lafiya yana kurɓa tun a hanyar asibiti, mai shayarwa kuma ta ci gaba da ba da nono.

Wani ya ce min ajiye hatsi ɓoye abinci ne, kuma haramun ne.

Ya haɗa abu biyu ne. Abin da malamai suka yi hani da shi shi ne a saye abincin kasuwa a ƙulle, jama'a na cikin buƙata, don farashi ya tashi. Tanadin iyali daban yake. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yakan ajiye wa iyalansa abincin shekara.

Kayan miya fa?

Nan mata sun fi mu sani. Kuka, kuɓewa, kalkashi, zogale, daddawa da barkono duk suna kai wa damina in sun bushe da kyau. Ganye a inuwa ake shanya shi don kada ya koɗe. Tumatir kuwa a yi kauɗarsa da rani, lokacin da 'yan Kadawa ke neman kai da kwando, a sa a mazubi mai murfi, a riƙa fito da ita tana shan rana kafin ruwa ya sauka.